Faifan da Ya Ƙi Barci

Unguwar Kanti, Kazaure,
18 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Ukasha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can tekun Fatakwal, ya kare ku daga sharrin ruwa da na ƙarfe. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana samun sauƙi, sugan ya ɗan daidaita tun da aka canza mata awon allura, sai ƙafar ce ke kumbura in ta daɗe a zaune. Ƙanwarmu Muhsina ta gama jarrabawa, tana gida tana taya ni aiki. Damina kuwa ta yi albarka, geron gonarmu ta Gwiwa har ya fi mutum tsayi. Na zaɓi in rubuta maka ne da hannu in ba Mamuda direba, domin a waya kana sauri, layin kuma yana yankewa kafin in kai ƙarshen magana. Wannan karon ina so ka ji ta duka.

Maganar na'urar nan taka ce da ke ƙarƙashin teburin Baba, wadda kake kira saba, wadda ka zuba wa hotuna da takardun gida da muryoyin marigayi Baba don kowa ya buɗe daga wayarsa. Mako uku ke nan ba mu da wutar gari, ga hadari kullum a sama, sola ba ta cika batir. Ran Litinin ta makon jiya na dawo daga makaranta na tarar firji ya mutu tun kafin azahar, allurar Inna tana ciki. Sai da na ɗauke ta a kwano na kai gidan Dela maƙwabciyarmu mai janareta. Washegari Malam Salisu mai gyaran sola ya zo ya auna komai. Ya ce batirin ya tsufa, wannan ba musu, amma abin da ke ƙarasa shi na'urarka ce, don faifan ajiya guda biyun nan suna juyawa ba hutu. Ya ce shi dai iyakarsa waya da batir, abin da ke cikin kwamfuta sai mai ita.

Mai ita kuwa yana nesa, don haka na ɗauko littafin da ka bar mini. Yaya, rubutunka ya fi na likita wahalar karantawa. Duk da haka na gano shafin da ka nuna yadda ake sa faifai ya yi barci in an yi minti ashirin ba a taɓa shi ba. Na rubuta umarnin harafi bayan harafi, na'ura ta karɓa. Na zauna ina duba agogo, tafin hannuna a kan faifan. Minti ashirin ya wuce, arba'in ya wuce, yana nan yana ɗan karkarwarsa da ɗuminsa. Na sake, na kuma sakewa. Kwana biyu ina wannan, tarin takardun jarrabawar ɗalibai na jirana ban duba ko ɗaya ba.

Muhsina ce ta ce ƙila wani ne ke tashinsa. Sai na bi ɗaki-ɗaki na karɓi wayar kowa ina cire ta daga layin gida, ɗaya bayan ɗaya, ina komawa ina taɓa faifan. Ta Muhsina, tawa, ta Abu mai taya mu girki, har talabijin na cire. Bai kwanta ba. Wayar Inna ce kaɗai ta rage, ban ma kawo ta a rai ba, tunda ban taɓa ganin ta yi wani abu da ita ban da amsa kira. Da na tambaya sai ta ce ba ta san inda ta ajiye ba. Ina gyara mata shimfiɗa na ji magana ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin matashi. Muryar Baba ce, hirar nan da ka ɗauka yana ba da labarin tasowarsa a Gwiwa, yana tari yana dariya. Ashe tun tafiyarka take kunno ta daga cikin na'urarka, daga safe har yamma, in ta ƙare ta koma farko. Ta kau da kai ta ce ba saurara take yi ba, gidan ne ya yi shiru da yawa. Na ɗauki wayar na fita. Na sayo katin memori na kwafe mata hirarrakin duka a ciki, na sa a wayarta don ta daina janyo su daga na'urar. Da la'asar ɗin ranar na ɗora hannu a kan faifan na ji shi shiru, ya yi sanyi. Firji ya kai har magariba bai mutu ba.

Na ɗauka an gama, ashe an gudu ne ba a tsira ba. Ran Alhamis Baffa Halliru ya zo daga Roni a kan babur, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Ka san rigimar iyakar gonar Gwiwa ta sake tashi, kuma dagaci ya sa ranar Asabar a zo da shaida. Takardar asali kuwa ka tuna gara ta ci rabinta, hoton da ka ɗauka kafin nan shi ne cikakke. Na ce masa ya zauna ya sha shayi, minti biyu ne. Na buɗe jakar takardu a wayata, sai na ga wayam, babu ko ɗaya. Na buɗe ta hotuna, wayam. Wallahi Yaya sai da na rufe na sake buɗewa, amma ba abin da ya fito. Baffa ya dube ni ya ce shi dama ya faɗa, an ɗauki amanar kakanni an damƙa wa ƙarfe, ga shi ƙarfen ya haɗiye. Ya ce a zamaninsu takarda a adaka take kwana, ba ta neman rana ko batir. Ban tuna masa cewa a adakar gara ta same ta ba, girmansa ya wuce haka. Ya tafi ko shayin bai taɓa ba.

Ranar Juma'a ban je ko'ina ba. Abin da na gano bayan doguwar wahala shi ne, in faifan ya yi barci, wajen farkawa yakan ɓace wa na'urar na ɗan lokaci, sannan ya dawo da wani suna dabam. Da yana amsa b, sai ya dawo yana amsa c. Shi kuma shirin da ke raba wa wayoyi takardu yana can tsaye a tsohuwar ƙofa, yana nuna wa mutane ɗakin da ba kowa. Kayan suna nan, hanyar ce ta ɓata. A can bayan littafinka, gefen lissafin awon taga, na ga ka rubuta yadda ake kiran faifai da doguwar lambarsa wadda ba ta canzawa. Sau uku ina kuskuren harafi ɗaya. A na biyu na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya, na zauna a ƙasa na yi kuka, Muhsina tana riƙe mini da littafin. A na huɗu ta tashi, takardu suka bayyana. Asabar da sassafe na buga kwafi uku na takardar gonar a shagon bakin tasha, na hau ɗan acaɓa har Roni, na cim ma Baffa yana shirin fita. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce Allah ya yi albarka. An karanta a gaban dagaci, iyaka ta tsaya inda take, a bakin tsamiya.

To Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san don alheri ka haɗa wannan abu, kuma ba don shi ba da gonar ta tafi. Amma na gaji. Ga makaranta, ga allurar Inna safe da yamma, ga na'urar da kai kaɗai ka san halinta. Kuma ɗaya daga cikin faifan ya soma wani ƙas-ƙas in zai farka, ban san ko shi ne na asali ko na kwafi ba, don ba ka rubuta komai a jikinsu ba. Ka aiko mini da amsar wannan da wuri. Na yanke shawarar kashe na'urar gaba ɗaya har damina ta wuce, tunda ko tana barci tana ɗan shan wuta, ni kuma ba zan ƙara yin caca da maganin Inna ba. Takardu masu muhimmanci duk na buga su na sa a leda.

Sai dai abu guda. Lokacin da nake neman inda takardun nan suka shige, na buɗe jerin da na'urar ke rubuta duk wanda ya shiga. Na ga sunanka. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci kana shigowa daga can, ka buɗe jakar hotunan Baba, ka yi kamar rabin awa, ka fita. Wata bakwai, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba sai ka ce mini komai a kai ba. Don haka duk Juma'a zan kunna ta daga azahar zuwa la'asar, ko da hadari, na riga na yi magana da Dela za ta riƙa ajiye mana allurar a ranar. Ka shigo abinka, za ka tarar da ƙofa a buɗe.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci. Muhsina da Abu suna gaishe ka, haka ma Baffa Halliru da mutanen Roni. Ka gaishe mini da uwargidanka Yaya Aishatu da yara in ka sauka tudu, ka ce ina nan tafe da tata takardar in na huta. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Sadiqa.