Ƙaninki Ba Mai Gyaran Waya Ba Ne

Yaya mai daraja,

A shelanta wa duniya, gabas da yamma, cewa ƙaninki ba mai gyaran waya ba ne. Bayan haka, yaya ƙafar Inna, yaya yara?

Na ji Kawu ya tara matattun wayoyin unguwa zai aiko mini, don na ce wa Inna ina nazarin sigina. Ki tsayar da shi, don Allah. Tawa siginar a ƙirji take. Akwai 'yar tsoka a can, taimus, makarantar ƙwayoyin jinin da ke kare jiki daga cuta. Kowace ƙwaya tana da kunnen karɓar saƙo, saƙon nan shi ne siginar da nake nazari. Wadda ba ta ji komai ba sai ta mutu, wadda ta cika zaƙewa har za ta far wa jikin mai ita a sallame ta. Mai matsakaicin ji ake yayewa.

Lafiyata ƙalau. Ɓerayen ɗakin bincike suna ɗebe mini kewa, ko da yake ba sa amsa sallama.

Tunda bakina ya jawo, na ci kaina tara: sabuwar caja ga Inna, wayarta ta daina mutuwa tana tsakiyar sa mini albarka.

Ƙaninki,
Shehin Ɓeraye