Ɗantala Ba Zai Zo Maraɗi Ba

Jibiya, bayan kaka, 1956

Zuwa ga ƙanena Ummaru,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina Hajo da yara? Mu nan sai godiyar Allah. Malam Kalilu ke rubuta mini, na kuma ce masa kar ya gyara mini magana.

Ummaru, tun shekarar da ka zuga ɗana Bawa ya shiga kokawar garin Riko da ciwo a ƙirjinsa, wai kar a ce gidanmu ba maza, nake jiran ka zo ka dube ni ka ce wani abu. Yaron nan a kan jaki aka maido mini shi. Ka zo ta'aziyya, ka ci tuwo, ka koma.

Yanzu kuma ka aiko direba wai in ba ka Ɗantala ɗan Bawa, ka sa shi dakon buhunan gyaɗa ya zama namiji. Na san abin da ya tsole maka ido. Kamiyon nan, babbar motar kaya, da ya kwana biyu wurin 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, Ɗantala ya yi masa zanen kokawa a baya da shuni da farar ƙasa, kamiyon ya shiga Maraɗi kowa na kallo. An ce mini ka ji kunya don bai zana wanda ya yi kaye ba, sai wanda aka kayar, zaune a ƙasa yana kakkaɓe gwiwa. To ni na je na gani da idona kafin motar ta tashi. Samarin garin Magama sun kewaye ta suna ta ihu, kowa na cewa shi ne aka zana. Har faɗa suka yi a kan haka!

Eh, ba ya kokawa. Muryarsa ma ba ta gama fashewa ba. Amma da 'yan kasuwa suka ce masa ɗan lalle, wai aikin mata yake yi, ko ɗaga kai bai yi ba, sai da ya gama ƙafar da yake zanawa. Ni ban iya wannan ba ina da shekarunsa, kai ma haka.

Ba zan ba ka shi ba. In ka zo da mota, a ƙofar zaure za ka same ni.

Kuma kar ka sake aiko mini goro a bakin amsa. Ka faɗa mini, da bakinka ko a takarda: Bawa da ya bi maganarka, ya zama namijin? Ina jira.

Ka gaida Hajo. Wassalam.

Ni ne wanka,
Rabe na Jibiya