Kwamfutar Rajista Mai Kafa Biyu da Irin Shukar Lami

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Shirin Koma Gona,
Shiyyar Batsari da Safana.

Daga:
Malam Ubale Jinjiri,
a madadin manoman Unguwar Gabas, Yasore.

Litinin, 10 ga Yuni, 2024.

Game da: Ƙarancin kafofi a jikin kwamfutar rajista, da waɗanda aka bari ba iri.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Allah ya ƙara girma, amin. Karatuna na boko a ajin yaƙi da jahilci ya tsaya, don haka a yi haƙuri da rubutun, a dubi maganar.

Ofishinka ya san mun bar gidajenmu bara saboda 'yan bindiga, mun dawo mun tarar da rumbuna wayam. An sanar da mu cewa za a ba da irin gero da na gyaɗa, amma sai wanda aka ɗauki hotonsa da yatsansa a kwamfuta. Ga ƙorafinmu:

1. Ranar Alhamis, 23 ga Mayu, ma'aikaciyarku Malama Godiya Bulus ta zo da kwamfutar tafi-da-gidanka sabuwa fil, siririya kamar faifai. Na duba da idona, kafar jona kaya biyu gare ta kacal. Abubuwan da za a jona mata kuwa huɗu ne: na ɗaukar yatsa, na ɗaukar hoto, na kama sabis, da wayar caji. Ban san wanda ya sayo ta ba, amma ko mai awon hatsi yakan ƙirga buhunansa kafin ya kira mota.

2. Na kama sabis ya riƙe kafa ɗaya, don haka dole sai ta cire wannan ta sa wancan a ɗayar. Sau da yawa da ta zare na yatsa don ta jona na hoto, sai injin ya manta da mutumin da ke zaune gabansa, a koma farko. Yatsun manomi kuma fartanya ta cinye zanensu, sai an shafa an sake shafawa. In caji ya yi ƙasa, kafa ɗaya ta tafi ga wuta, aiki ya tsaya cak. Ga shi wajibi ne ta kama hanya da la'asar, don ba mai hankalin da zai riƙe 'yar mutane a wannan hanya har magariba.

3. Ba mu zauna mun naɗe hannu ba. Daudu mai cajin waya ya kawo wani ɗan akwati da ke mayar da kafa ɗaya ta zama huɗu. Malama Godiya ta ce dokar ofis ta hana a jona wa kwamfutar abin da ba ofis ya bayar ba. Ban ga laifinta ba, amana aka ba ta. Ta ce ta nemi irinsa a rubuce, har yau shiru.

4. A nan ne abin ya fi ciwo. A garinmu ba a shiga gaban babba. Da aka yi layi, dattawa suka fara, sai magidanta, mata da samari suna baya. Haka muka gada, kuma ba zan nemi afuwar ladabi ba. Amma da yake injin na tafiyar hawainiya, zuwanta uku duk a kanmu tsofaffi ya ƙare. Waɗanda aka yi wa rajista mu ne da ba ma iya sunkuyawa. Masu riƙe fartanya ba a kai kansu ba, aka ce an rufe rajista ranar 6 ga Yuni.

5. Cikin waɗanda aka bari har da Lami, matar ɗana Hafizu da aka kashe a gonarsa bara. 'Ya'ya huɗu ya bar mata. Irin da ya ɓoye a tulu, shi suka daka suka sha a gudun hijira. Duk zuwan Malama Godiya tana nan tsaye a rana da goyo, ba ta taɓa neman shiga gabana ba, don tana jin nauyina. Ruwan shuka ya sauka, maƙwabta sun shuka nasu, gonar Hafizu tana nan an share ta ba abin zubawa. Ƙasa ba za ta jira takardar ofis ba. Wallahi, ranka ya daɗe, na kai inda ba na iya haɗa ido da jikokina.

Saboda haka ina roƙo cikin ƙanƙan da kai:

A aiko da akwatin ƙara kafofi na ofis, ko a yarda a yi aiki da na Daudu. A buɗe rajista ko da yini ɗaya ne cikin wannan mako. Ni da kaina zan tsaya a bakin layi, in sa zawarawa da samari gaba, in ga dattijon da zai ɗaga mini murya.

In kuwa duk wannan ya gagara, to a goge sunan Ubale Jinjiri daga kwamfutar, a sa na Lami Hafizu. Na san aikin goge suna bai fi ƙarfin kafa biyu ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon dubawa kafin laimar ƙasa ta tafi.

Naka mai biyayya da ladabi,

Malam Ubale Jinjiri,
Unguwar Gabas, Yasore.