Zainab ta hana a cire wa jikana belu

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya Malam da yara? Mu nan Makka sai godiya.

Yaya, kaina ya ɗaure. Zainab ɗina da ke aikin nas yanzu digirin digirgir take yi a kan jinyar yara, har unguwa ana ce mata daktora. To, matar ɗana Bashir ta haihu, na kira wanzami daga Tandabawi ya cire wa jaririn belu. Zainab ta tare ƙofa ta ce, "Wallahi Ummi, mamnu', an hana! Irinsu ake kawo mana asibiti jini ya ƙi tsayawa." Wanzami ya tafi yana faɗa.

Na ce mata, "Ke ba a cire miki ba? Ga ki da ranki." Sai ta ce, "Sani fa?" Wato ƙaninta da na rasa yana jariri.

Ni dai zazzaɓi kuka ce mini. Yanzu ban san wa zan yarda da shi ba.

Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a. Amma Yaya, ke kika riƙe Sani a gaban wanzami, ni ina ɗaki, kwana biyu kafin ya rasu. Don Allah, me kika gani?

Ƙanwarki,
Rabi