Yadda Na Zagi Wiskin Baba

Goa, 9 ga Mayu

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka? Ya Mama, ya ruwan saman Islay? Ni lafiya lau. Zafi ne dai, amma ka ce wa Mama ina cin abinci, ban rame sosai ba.

Akwai magana, gara ka ji daga bakina. Ranar Talata Girish, shugabanmu a kamfanin wiski, ya jera mini kofuna uku ba suna, wai in ɗanɗana a gaban ma'aikata. Na farko zuma-zuma, na biyu kamar nunannen mangwaro, duk na yaba. Ina kurɓar na uku na ce, "Wannan ai tsohon takalmi aka ƙona! Wanda ya dafa shi ya nemi wata sana'a."

Girish ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Eilidh, tsarabar da kika kawo mini ce fa. Aikin babanki."

Baba, ba ni da hujja, shekara biyun nan sun lalata mini harshe. Na ɗauke kwalbar na tafi ɗaki, na zuba kaɗan da ɗigon ruwa yadda ka koya mini. Gaskiya har yanzu takalmi ne. Amma naka ne, warin hayaƙin sha'irin da kake busarwa a bakin murhu, sai da na yi kuka.

Ka yafe mini, ka aiko wata. Kada Gwaggo Morag ta ji, duk tsibirin zai ji.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Eilidh