Obi, Ni Ne Na Kayar da Hotonka

Zuwa ga abokina Obinna, wanda duk Gyadi-Gyadi ta sani da Obi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Ina gaida Mama in tana raye, in kuwa ta riga mu, Allah ya ba ka haƙurin rashinta. Ka ga yadda abin ya zama, ko wannan ban sani ba. Ba ni da lambarka, ban san garin da kake ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wanda ya san ka ya miƙa maka. Zan faɗi wasu abubuwan da ka riga ka sani, don masu karantawa kada su ɓata a hanya. Ka yi haƙuri da ni.

A Kano aka haife ka, a layinmu ka yi rarrafe. Babanka ma'aikacin masaƙa ne, Mama tana ɗinki a zaure. Ranar Lahadi kuna tafiya coci, kana dawowa ka cire takalmin sau-ciki ka faɗo gidanmu, Inna ta zuba mana tuwo a kwano ɗaya. Hausarka ta fi tawa daɗi, kowa ya san wannan. In kuka je garinku hutun ƙarshen shekara, kana dawowa kana ƙorafin can dariya suke maka in ka buɗe baki.

Shekarar da sojoji suka sauka daga mulki, ranar da muka fara jefa ƙuri'a, tare muka tsaya a layi tun hantsi. Ka ƙi wanke tawadar babban yatsanka har kwana biyu. Kana nuna wa duk wanda ya shigo zauren Mama, kana cewa, "Yau ni ma an ƙirga da ni."

Bayan wasu shekaru ka buɗe shagon intanet a bakin titi, kwamfuta shida, duk tsofaffi. Kai ka fara kawo faifan nan na manhajar da ke tuƙa kwamfuta, wadda ba ta kamfani ba ce, mutanen duniya ne suka haɗa hannu suke gina ta, kowa na iya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Na ɗauka wasa kake. Ka zaunar da ni ka nuna min wurin da suke tattaunawa, injiniya da ɗalibi da mai sayar da magani, kowa da ta bakinsa. Daga nan na shiga fassara kalmominta zuwa Hausa. Kai ne ka laƙaba min Malam Fassara, har yau akwai masu kira na da shi ba su san asalinsa ba.

A duk Tarauni mu biyu ne kawai muka damu da wannan abu. In na yi wa wani zancen, sai ya tambaye ni nawa ake biya na, in na ce ba a biya, ya dube ni da tausayi. Kai kaɗai ne za mu zauna tun la'asar muna gardama a kan wace kalma ce ta fi dacewa da wani maɓalli.

Sai aka yi sanarwa. Sabon zubin manhajar zai fito, ana neman hoton da zai zauna a fuskar kwamfuta, wanda kowa zai fara gani da zarar ya kunna. A da, wasu 'yan tsiraru ne ke zaɓa. Wannan karon aka ce kowa ya turo nasa, 'yan sa-kai su tace su fitar da goma sha biyu, sannan jama'a su jefa ƙuri'a. Ka buga tebur da murna. Ka ce, "Ga zaɓen da ba wanda zai gudu da akwati."

Saboda aikin fassarar, aka gayyace ni cikin masu tacewa. Mu tara ne, ni kaɗai daga wannan nahiya. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura. Na buga wasiƙar gayyatar a takarda na kai wa Inna, ko da ba ta karanta boko.

Kai kuma ka ari kyamara wajen ɗan uwan Mama, ka yi sati uku kana yawo da ita. Damina ce. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ka zagaya lungun bayan shagonka, inda Baba Sale mai wanki da guga yake shanya. Igiya huɗu ya ɗaura daga katanga zuwa katanga, shaddodi da atamfofi, shuɗi da ja da ruwan goro, rana ta fito ta bayansu, duk launin ya sauko cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa. Can ƙarshen lungun wani keke mai ƙafa uku ya leƙo da hancinsa. A kusurwar hagu ta ƙasa kuma, ga bakin kwata, da baƙaƙen ledoji guda biyu.

Da gudu ka zo gidanmu da shi. Inna ta daɗe tana kallon ɗan gilashin kyamarar, sannan ta ce, "Ashe haka lungun nan yake da kyau, mu muna ta bi muna tsaki." Ka koma ka nemi izinin Baba Sale, ka yi masa bayanin cewa kyauta za ka ba duniya, kowa ya yi amfani da shi. Ya ce in dai ba a ga fuskar mai kayan ba, Allah ya ba da sa'a, amma ka gaya wa Turawan wankinsa ba ya zuba.

Hoton ya haye zagayen farko. A cikin masu tacewa, wata mata daga Brazil ta rubuta cewa tunda ta fara dubawa ba ta ga hoton da ke da mutane a ciki ba tare da an ga mutum ko ɗaya ba sai wannan. Wasu biyu suka goyi bayanta. Wani ya ce yana da shakka, launukan sun yi yawa, 'yan alamomin da ke kan fuskar kwamfuta za su ɓace a ciki. Aka rabu kusan biyu. Sai shugabar tacewar ta ce, ai akwai ɗan garin a cikinmu, me ya gani?

Obi, akwai doka, kuma na san ta. In ka san mai hoto, sai ka faɗa ka janye. Layi ɗaya zan rubuta in yi shiru. Ban yi haka ba. Na zauna a kwamfuta ta uku a shagonka, kana can gaba kana taya wata mata buga takardar neman aiki, na rubuta cewa na yarda hoton yana da cunkoso. Na ƙara da cewa, a matsayina na ɗan wurin, wannan hoto ba ya wakiltar garinmu.

Cikin kwana ɗaya magana ta juya. Wanda ke da shakka ya ɗauko kalmomina ya ce tunda ɗan garin ma ya faɗa. Matar Brazil ta ce ba ta gane ba, amma ba za ta yi jayayya da mai gida ba. Hotonka bai shiga goma sha biyun ba. Jama'a ba su ma samu damar ganinsa su zaɓa ba.

Na manta, ko na sa kaina na manta, cewa a wannan harka ba a rufe ƙofa. Duk abin da masu tacewa suka rubuta a fili yake, kowa na iya karantawa. Abin da ya sa muke son ta ke nan tun farko.

Ranar Talata ce na shigo na tarar da kai a gaban kwamfuta, shago ba kowa, an kawo wuta amma ba ka kunna fanka ba. Ba ka juyo ba. Ka ce, "Nafi'u, cunkoson na yarda, gaskiya ce. Amma garinmu da ka ce, garin su wa?"

Na yi ta magana a ranar. Na ce adalci nake so in nuna, kada a ce na fifita abokina. Na ce ba haka nake nufi ba, Turanci ne ya karkace min. Ka saurare ni har na gama, ka ce ba komai, ka tashi ka je duba janareto da ba abin da ya same shi.

Yau zan gaya maka abin da ban faɗa ba. Ba adalci ba ne. Kwatar nan ce da ledojin nan biyu. Na zauna cikin mutanen da nake ganin sun fi ni, suna kira na da suna, suna tambayar ra'ayina, sai na ji kunyar su san ta wannan lungu nake bi in zo in same su. Kai ka kalli lungun ka ga abin nuna wa duniya, ni na kalle shi na ga abin ɓoyewa. Akwai kuma wani abu ƙarami, mai muni. Ni na yi shekara biyu ina fassara, ba wanda ya taɓa yabona kamar yadda matar nan ta yabi aikinka na safiya ɗaya. Da na rubuta kalmar nan, wallahi ban yi tunanin coci ko garin babanka ba. Amma na san inda ta sauka, kuma na ga fuskarka, kuma duk da haka ban ce ka yafe min ba.

Wanda ya ci zaɓen wani ganye ne da ɗigon ruwa a kansa, daga wata ƙasa mai sanyi. Yana da kyau, ba laifi. Da sabon zubin ya fito, da hannunka ka ɗora shi a kan kwamfutocin shida, ka bar ganyen a kan kowacce. Na ce ai naka ne shagon, ka sa hotonka mana. Ka ce, "An yi zaɓe an gama. Ni ba na zuwa kotu." Ka yi dariya, ni ma na yi, kowa ya ɗauka ya wuce.

Ba mu yi faɗa ba, da ma faɗan muka yi. Kana gaishe ni, kana zuwa gaida Inna. Amma in na kawo gardamar wata kalma, sai ka ce duk wadda na zaɓa ta yi. Tun daga nan ni kaɗai nake fassara.

Shekara ta zagayo masaƙa ta rufe, jikin babanka ya ƙi, ya ce a mayar da shi gida. Kai ne babba, ba yadda za ka yi. Na raka ka tasha a Sabon Gari, na riƙe maka jaka, muka tsaya awa guda muna zancen ko motar za ta cika. Maganar tana bakina. Aka kira fasinja, ka dafa kafaɗata ka ce in kula da Inna. Muka yi waya sau biyar ko shida, sannan lambarka ta daina shiga.

Inna ta rasu shekara huɗu bayan tafiyarka. A jinyarta ta tambaye ka sau biyu. Na ce mata kana gaishe ta.

Yanzu ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta kusa da kasuwar Tarauni. Na yi aure, Hadiza sunanta, muna da 'ya'ya uku, alhamdulillahi. Mutanen kirki ne ke kewaye da ni. Sai dai duk sanda aka yi sanarwar zaɓen sabon hoto, nakan buɗe in duba waɗanda aka turo ɗaya bayan ɗaya, in karanta sunayen masu su har ƙasa. Ban ƙara karɓar aikin tacewa ba. Ba ni da wanda zan juya in ce wa, zo ka ga wannan.

Abin da ya sa na rubuta yau, makon jiya na kai ɗinkin Hadiza wajen Madam Ngozi, ƙawar Mama, wadda ta koma Darmanawa. Tana auna yadi take gaya min ka zo bikin 'yarta wata biyu da suka wuce. Ta ɗauka mun haɗu. Ta ce kwana uku ka yi, ka yi furfura a gemu, ka sa direba ya bi da kai ta Gyadi-Gyadi, ka sauka ka sayi masa ka ci a tsaye. Ta ce ka tambaye ta ko ina nan, ta ce ina nan. Ka ce madalla.

Na fito daga wajenta na manta da kekena a ƙofar gidan, sai da na kai titi a ƙasa na tuna. Kwana uku, Obi. Tsakanin inda ka ci masar nan da shagona, ko tafiyar minti ashirin babu. Na roƙe ta lambarka, ta ce 'yarta ce ke da ita, kuma za ta fara tambayarka tukuna. Har yau shiru. Ban ga laifinka ba. Amma ka yafe min. Na yi maka ba daidai ba, na sani tun ranar, girman kai ne ya riƙe min baki duk shekarun nan.

In Allah ya sake kawo ka, kada ka neme ni a tsohon layi, an sayar da gidan. Mun koma Ƙauyen Alu, bayan injin niƙa, gida mai koriyar ƙofa. Ba sai ka yi waya ba. Ba sai mun yi wannan magana ba in ba ka so. In ba na nan, na gaya wa Hadiza kamanninka, za ta shimfiɗa maka tabarma ta aika a kira ni.

Allah ya tsare ka a duk inda kake, ya ba ka lafiya, ya yi wa zuri'arka albarka. Allah ya sa kana da mutanen da suka fi ni riƙon abota. Allah ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya kuma ara mana kwana har mu ga juna.

Naka, mai jiran sallamarka,
Nafi'u