Rasuwar Lasifikarmu a Tawa

Ƙanena Kamilu,

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cikin alhini cewa babbar lasifikarmu ta rasu ranar Laraba, ana tsakiyar biki a Tawa, bayan gajeriyar jinya. Ya ƙafar Inna? An yi ruwa a Gummi?

Muna lafiya, abincin rana kawai muka ba hutu. Mawaƙinmu Bature ya ƙarasa wasan da maƙogwaronsa, yau ko sallama ba ta fita, ga wani bikin ranar Asabar.

Tun farko ka ce mu riƙa hayar lasifika, don mai kaya tare da mai gyaransa yake zuwa. Na yi maka lacca cewa namiji ba ya hayar murya. Turo mini lambar mai hayar nan na Ƙwanni. Kada Inna ta ji, da kuɗin bijiminta na sayi marigayiyar.

Kai ne da gaskiya, na yi kuskure.

Yayanka,
Shitu